Ƙaramin Zubi, Babban Yanka: Darasi Daga Teburan Karta na Las Vegas

A manyan gidajen caca na birnin Las Vegas, a jihar Nevada ta Amurka, za ka tarar da tebur biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, wasan karta iri ɗaya ake yi a kansu, amma dokokinsu sun sha bamban. Na farko yana tsakiyar fili, inda hayaniya da kai-komon jama'a suke, kuma da dala 10 ko 15 za a ba ka kujera. Na biyu yana can ciki, a keɓaɓɓen ɗaki, ba a zama sai mai iya zuba dala 100 ko 500 a kowane zagaye. Mutum zai zaci inda kuɗi suka fi yawa nan masu gida za su fi wasa wuƙa. Ina! Teburin masu ƙaramin ƙarfi shi ne mai tsauraran dokoki, na masu hannu da shuni kuwa an sassauta masa. A kowace dala 100 da aka zuba, abin da gida ke yanka a ƙaramin tebur yakan ninka na babban tebur sau huɗu, wani lokaci har sau shida.

Musulunci ya haramta caca, wannan ba abin ja ba ne, kuma ba koya wa kowa ita za a yi a nan ba. Sai dai gidan caca wuri ne da aka auna komai da lissafi har zuwa senti, babu kara, babu alkunya, babu "saboda Allah rage mini". Abin da kasuwa ke lulluɓewa da gaisuwa da ciniki, a can yana fitowa fili. Wanda ya gane dalilin bambancin teburan nan biyu ya gane yadda ake yanka wa mai ƙaramin ƙarfi farashi a ko'ina.

Yadda gida ke ci

Sunan wasan bilakjak. Kowane kati da lambarsa, masu hoto goma-goma ne, as kuwa, wato mai ɗigo ɗaya, ana iya lissafa shi ɗaya ko goma sha ɗaya. Ɗan wasa da mai rabon karta yake karawa, shi kuma ma'aikacin gida ne. Kowa so yake jimillar katunansa ta matsa kusa da 21 ba tare da ta haura ba, don wanda ya haura ya ƙone. Asirin gida ɗaya ne tak: ɗan wasa ke fara ja. In ya ƙone an kwashe kuɗinsa nan take, ko da mai rabo shi ma zai ƙone daga baya.

Da a ce an bar abin haka, da babu mai zama. Saboda haka aka ba ɗan wasa 'yan rangwame. Yana iya ninka zubinsa in ya ga hannunsa ya yi kyau. Yana iya raba kati biyu masu lamba ɗaya su zama hannu biyu. A wasu teburan yana iya sallamawa tun da wuri, ya karɓi rabin kuɗinsa. Mafi girman rangwamen shi ne wannan: in katunansa biyu na farko suka zo as da goma, wato 21 cif, ana biyansa uku a kan biyu. Ya zuba dala 10, ya ci dala 15.

A shekarar 1956 wasu sojojin Amurka huɗu, Roger Baldwin da abokansa uku, suka wallafa lissafin da ya nuna abin da ya fi dacewa ɗan wasa ya yi da kowane irin hannu. Da injin lissafi na tebur suka yi aikin. Tun daga lokacin aka san cewa wanda ya bi wannan lissafi sau da ƙafa, a tebur mai dokoki masu kyau, abin da gida zai ci a kansa bai wuce senti 30 zuwa 50 a kowace dala 100 ba. Kaɗan ne cikin wasannin gidan caca ke da sauƙin yanka irin wannan.

To, a ƙaramin tebur waɗannan rangwamen ake bi ana zaftarewa ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarun 2000 gidajen da ke babban titin Las Vegas suka fara biyan shida a kan biyar a maimakon uku a kan biyu. Dubi wayon: ga wanda bai tsaya lissafi ba, shida da biyar sun fi uku da biyu cika ido. Amma mai dala 10 da ke cin 15, yanzu 12 zai ci. Irin wannan hannu yana zuwa kusan sau ɗaya a kowane zagaye 21, wato kamar sau uku a awa guda in tebur ya cika. Wannan canji shi kaɗai ya ƙara wa gida kusan dala 1 da senti 40 a kowace dala 100. Da farko ma a teburan da ake wasa da fakitin karta ɗaya aka saka shi, domin tsofaffin 'yan wasa sun san fakiti ɗaya ya fi yi musu daɗi. Aka rubuta "fakiti ɗaya" da manyan haruffa, aka rubuta sabon biyan da ƙanana. A 2014 otal-otal ɗin Venetian da Palazzo suka shimfiɗa wannan doka a kan ƙananan teburansu masu fakiti da yawa, wasu kuma suka bi sahu.

Akwai kuma dokar 17. In mai rabo ya samu as da shida, a babban ɗaki dole ya tsaya a nan. A ƙaramin tebur an ba shi damar ƙara ja, wannan kuma ya ƙara wa gida kimanin senti 20 a kowace dala 100. In ka tattara su duka, kason gida ya tashi daga ƙasa da rabin dala zuwa kusan dala 2. Ba a karta kaɗai abin ya tsaya ba. A wasan rulet, wato cacar faifai mai juyawa da ke ɗauke da lambobi, faifai mai sifili ɗaya yana ci wa gida kashi 2.7 cikin 100, mai sifili biyu kashi 5.26, mai sifili uku kuwa, wanda Venetian ta fito da shi a 2016, kashi 7.69. Mai sifili ɗaya yawanci sai a ɗakin manya ake ganinsa.

Kuɗin tsayar da tebur

Dalili na farko ba mugunta ba ce, lissafin shago ne. Tebur yana da ɗawainiyar da ba ta duba ko wa ya zauna. Akwai albashin mai rabo, da na mai tsaye a bayansa yana sa ido, da na masu kallon kyamarori, ga lantarki, ga abin sha da ake rarrabawa kyauta, ga filin da teburin ya cinye wanda da an jera injinan caca a wurin da sun kawo kuɗi ba tare da ma'aikaci ba. Ko dala 10 ake zubawa ko dala 1,000, wannan ɗawainiya kusan ɗaya ce.

Mu ƙaddara mutum shida suna zaune, kowa na zuba dala 10, ana yin zagaye 60 a awa. Kuɗin da suka ratsa teburin dala 3,600 ke nan. In kason gida senti 50 ne a kowace ɗari, kuma duk sun iya wasan, abin da gida zai samu a awa dala 18 ne. Wannan ba zai riƙe tebur ba. In aka ɗaga kason zuwa dala 2, an samu dala 72. Yanzu leƙa ɗakin ciki. Mutum ɗaya ne shi da mai rabo, yana zuba dala 500, kuma da yake babu jiran kowa, yana iya yin zagaye kusan 200 a awa. Dala 100,000 ke nan suka ratsa teburin. Ko da senti 30 kawai gida ke yanka a kowace ɗari, ya samu dala 300. Mutum guda da aka yi wa sassauci ya kawo fiye da ninki huɗu na abin da mutum shida da aka matse suka kawo. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ma'aikatan gida suna rubuta yawan zubin kowane babban baƙo da tsawon zamansa, su fitar da abin da lissafi ya ce zai yi asara, daga ciki ne suke yanko masa ɗakin kwana da abinci da motar ɗauko shi daga filin jirgi, duk a ce kyauta.

Wa ya sani, wa zai iya tashi

Da ɗawainiya ce kaɗai dalili, da duk ƙananan teburan duniya dokarsu ɗaya. Amma a cikin Las Vegas ɗin kanta, gidajen da ke bayan gari, inda 'yan gari ke zuwa, sun fi riƙe biyan uku a kan biyu a ƙananan tebura. Bambancin yana ga waɗanda ke zama. Birnin yana karɓar baƙi kimanin miliyan 40 a shekara. Baƙon da ya zo hutun kwana uku, da kofi a hannu, ba ya karanta rubutun da ke kan tebur, ba ya zagayawa ya kwatanta, kuma in ya tashi akwai mutum uku a bayansa suna jiran kujerar. Ɗan gari kuwa zai dawo gobe, ya san inda aka fi sauƙi, in ka cuce shi sau ɗaya ya koma wajen maƙwabcinka. Haka shi ma babban ɗan caca: ya san lissafi ko ya ɗauki wanda ya sani, kuma gidaje da dama ke kiransa a waya suna zawarcinsa.

An taɓa gwada ƙarfin tashi daga tebur. A 1962 wani malamin lissafi, Edward Thorp, ya fitar da littafin da ya nuna yadda mai ƙirga katunan da suka fita zai iya rinjayar gida. Hankalin masu gidajen caca ya tashi. A watan Afrilun 1964 suka haɗa kai suka canza doka: ba a raba as biyu, ba a ninka zubi sai in jimilla 11 ce. Sai 'yan wasa suka ƙaurace wa teburan. Cikin 'yan makonni masu gida suka lashe amansu, suka maido da tsohuwar doka, suka koma neman wasu dabaru irin su yawaita fakitin karta. Bayan shekara arba'in aka zo da dokar shida a kan biyar, wadda ta fi ta 1964 ciwo, masana suka yi ta rubuce-rubuce suna kashedi, amma kujeru ba su daina cika ba. Tunda ba a tashi ba, doka ta zauna.

Labarin Don Johnson ya nuna iyakar abin da mai kuɗi kuma mai sani zai iya ƙwata. Gidajen caca na Atlantic City, a jihar New Jersey, sun shiga wani hali bayan 2006, lokacin da maƙwabciyarsu Pennsylvania ta buɗe nata gidajen ta janye musu jama'a, ga kuma karayar tattalin arziki ta 2008. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Johnson, wanda sana'arsa lissafin cacar tseren dawaki ce, ya zauna da su ya yi ciniki kamar mai sayen gida. Ya nemi a yi wasa da fakiti shida da za a gauraya da hannu, mai rabo ya tsaya a 17, a bar shi ya raba ya kuma ninka har hannu huɗu, a ɗaga masa iyakar zubi zuwa dala 100,000 a hannu ɗaya. Wannan ya sauko da kason gida zuwa kusan senti 25 a kowace dala 100. Sannan ya samu alkawarin cewa in asararsa ta kai dala 500,000, za a maido masa da kashi 20 cikin 100. Wannan alkawari ne ya juya lissafin ya koma gefensa. Tsakanin Disambar 2010 da Afrilun 2011 ya kwashi kimanin dala miliyan 15 daga gidaje uku: kusan miliyan 6 a Tropicana, miliyan 5 a Borgata, miliyan 4 a Caesars. Daga nan suka janye tayinsu. A daidai waɗannan watanni, a cikin waɗannan gine-gine, dubban mutane na zuba 'yan dalolinsu bisa dokar da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu a kanta ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai wuri ɗaya da ƙaramin ɗan wasa ya samu abin da babba ke samu ba tare da ciniki ba. Da Pennsylvania ta halatta teburan karta a 2010, hukumar da ke kula da caca a jihar ta rubuta a doka cewa dole a biya uku a kan biyu, dole mai rabo ya tsaya a 17, dole a bar ɗan wasa ya sallama in yana so. Gidajen can ba su rufe ba. Abin da suka rage da shi shi ne ɗaga mafi ƙarancin zubi in jama'a sun yi yawa, wanda aƙalla farashi ne da kowa ke gani a rubuce.

Abin da ya shafe mu

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Caplovitz, ya wallafa bincike a 1963 kan talakawan birnin New York, inda ya nuna cewa sun fi masu hali biyan kuɗi a kan kaya iri ɗaya. Mu ba ma buƙatar littafi kafin mu yarda. Mai auna mudu kullum ya san cewa in aka tara abin da ya biya a wata, ya fi na mai sayen buhu. Mai sayen datar kwana ɗaya ya fi mai sayen ta wata biyan kuɗi a kan kowace giga. Dubi kuma ladan tura kuɗi ta banki da Babban Bankin Najeriya ya tsara a 2020: naira 10 ga abin da bai kai 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 ga abin da ya haura. Wanda ya tura wa mahaifiyarsa naira 1,000 ya biya kashi ɗaya cikin ɗari. Wanda ya tura miliyan ɗaya, abin da ya biya in aka auna da yawan kuɗin ya gaza na wancan sau ɗari biyu. A wajen mai POS ma haka: mai cire 5,000 yana miƙa ladan ba musu, mai cire dubu ɗari biyu kuwa tsayawa yake a yi ciniki, don mai POS ya san in ya ƙi ragewa na kusa da shi zai rage. Duk dalilan Las Vegas suna nan: ɗawainiyar da ba ta raguwa don ciniki ƙarami ne, rashin lissafin mai saye, da rashin wurin da zai koma.

Inda abin ya fi kama da teburin dala 10 shi ne shagunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwanmu, waɗanda Hisbah ta rufe da dama daga cikinsu a Kano a 2024, amma suka ci gaba da zama a cikin wayoyin samari. Mu ɗauki wasan da damar kowane gefe rabi-da-rabi ce. Adalci shi ne wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa sau 2. In kamfani ya biya 1.90, ya riƙe kashi 5 cikin 100 ke nan. Mai kuɗin da ya zuba a kan wasa ɗaya, kashi 5 ɗin nan kawai aka yanka masa. Yaron da ke da naira 100 kuwa ba ya zuba ta a wasa ɗaya, don naira 90 ba za ta canza masa rayuwa ba. Sai ya jero wasanni goma a tikiti ɗaya yana hangen dubbai. Abin da bai sani ba shi ne kowane wasa da ya ƙara, yankan kamfani hawa yake yi a kan na baya. A wasanni goma, kason kamfani ya kai kusan kashi 40 cikin 100. A wasanni ashirin ya haura kashi 60. Shi ya sa ake yi wa dogon tikiti ƙarin garaɓasa, ana kuma yayata wanda ya ci. In ka ji yaro yana cewa "wasa ɗaya ne ya yanke mini", yana ɗauka tsautsayi ne, alhali haka aka tsara abin. Gidan cacar Las Vegas da aka yi ta zagi saboda kashi 2 cikin 100, in aka kwatanta da wannan, ai mai tausayi ne.

Abin da za a ɗauka daga nan shi ne sauƙin shiga daban, sauƙin farashi daban. Duk inda aka ce maka "da naira ɗari ma za ka iya", to tambayi nawa ake yanka a cikin ɗarin, ka kuma tambayi nawa ake yanka wa mai miliyan. Tarihin teburan nan ya nuna hanya huɗu kaɗai da aka taɓa samun sassauci da su. Akwai sani, irin na Baldwin da Thorp, wanda ba ya buƙatar jari sai takarda da alƙalami. Akwai tashi a bar musu kayansu, irin na 1964, wanda ba ya aiki sai an tashi tare. Akwai nauyin aljihu, irin na Johnson, wanda talaka ba shi da shi shi kaɗai, amma hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka: maƙwabta goma da suka haɗa kuɗi suka sayi buhu suka raba, ko manoman da suka haɗu a ƙungiya suka sayi taki daga babban dila, sun mai da kansu babban mai saye. Akwai kuma doka, irin ta Pennsylvania, wadda ke hana a ɓoye farashi a cikin ƙananan haruffa, wannan kuwa haƙƙi ne da ya kamata a riƙa nema wajen hukumomin da ke sa ido kan bankuna da kamfanonin sadarwa da masu ba da rance ta waya.

Waɗannan hanyoyi suna da amfani a kan shinkafa da data da taki da ladan banki, domin abubuwa ne da dole a saya, kuma in an saya akwai abin da ya shigo hannu. A caca kuwa ko an samu mafi kyawun doka, lissafin yana gefen gida. Attajirin ɗakin ciki da aka yi wa kowane irin sassauci, a misalin da muka kawo dala 300 yake zubarwa a awa, mai dala 10 yana zubar da 12. An rage masa kason ne don ya daɗe a zaune. Johnson da ya juya lissafin, wata biyar kawai aka bar shi. Saboda haka a kasuwa a yi lissafi, a haɗa kai, a yi ciniki, a nemi hukuma ta tsaya. A wurin caca kuwa babu cinikin da zai fitar da kai, hanya ta biyu ce kaɗai ke aiki, wato tashi, kuma a nan ba sai ka jira kowa ba.